Kare Sabon Cuku daga Bakteriya: Inda Ƙarfin Sinadaran Halitta Ya Tsaya

Sabon cuku shi ne wanda ake ci cikin 'yan kwanaki da yin sa, ba tare da an shanya shi ko an ajiye shi watanni ya nuna ba. Ana daskarar da madara, a tsane ruwan, a zuba curin a ɗan ƙaramin kwando ya ɗauki siffa, shi ke nan sai kasuwa. Irinsa ne queso fresco na Meziko da maƙwabtanta, da paneer na Indiya, da wara ta ƙasar Yarbawa, da wagashi na Benin da Togo da Gana, wanda matan Fulani ke yi da ruwan tumfafiya. Ya sha bamban da busasshen cukun Buzaye da ake sayarwa a kasuwannin Agadas da Tawa, wanda ake shimfiɗawa siriri a shanya har ya ƙeƙashe, ya yi watanni bai ɓaci ba. Wancan rana da iska sun riga sun yi masa magani. Sabon cuku kuwa taushinsa da garɗinsa, waɗanda ake sayen sa dominsu, su ne kuma suka sa ya fi kusan kowane abincin madara saurin ɗaukar ƙwayoyin cuta.

Fiye da rabin nauyinsa ruwa ne. Gishirinsa kaɗan ne, da wuya ya wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100, wani ma ba a sa masa ko ƙire. Babu kuma tsamin kirki a cikinsa: madarar da aka tatso yanzu tana kan 6.6 zuwa 6.7 a ma'aunin tsami na pH, kuma cukun da aka daskarar ba tare da barin madarar ta yi tsami ba, kamar queso fresco da wara, yakan tsaya ne sama da 6. Kindirmo yakan sauka ƙasa da 4.6, shi ya sa yake kwana a ƙwarya ba firji ya wayi gari lafiya. Cukun da ake ajiyewa ya nuna yana samun kariya daga tsami da gishiri da bushewa a hankali. A kan haka Amurka ta halatta sayar da cukun ɗanyar madara idan ya yi kwana 60 a ajiye. Sabon cuku ba ya kai wannan wa'adi, saboda haka duk abin da ya shiga cikinsa ranar da aka yi shi yana nan da ransa ranar da za a ci.

A cikin bakteriyar da ke addabar irin wannan cuku, Listeria monocytogenes ce ta fi tayar wa masana hankali, domin sanyi ba ya tsayar da ita. Tana hayayyafa a cikin firji, har kusa da digiri 0 a ma'aunin Salshiyas, kuma tana jure gishirin da ya kai kashi 10 cikin 100. Takan laɓe a magudanar ruwa da tsagogin injina da daɓen masana'anta, ta yi wata irin yauƙi da wanki na sama-sama ba ya cirewa. Mai ƙoshin lafiya yakan ci ta ya sha da ɗan zazzaɓi ko gudawa. Mai ciki da jariri da tsoho da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni su ne abin ji: tana jawo ɓari da haihuwar ɗa ba rai da sanƙarau, kuma cikin waɗanda ta shiga jininsu kashi 20 zuwa 30 cikin 100 ba sa tashi. Alamunta kan ɗauki makonni, wani lokaci har wata biyu, kafin su bayyana, lokacin da mutum ya daɗe da manta abin da ya ci.

A 1985 wani cuku irin na Meziko da aka yi a Kalifoniya ya kwantar da mutum 142 a yankin Los Anjeles, 93 daga cikinsu mata masu ciki ne ko jariransu, aka rasa rayuka 48, har da 'yan tayi. Wannan annoba ce ta sa hukumomin abinci suka fara ɗaukar Listeria da muhimmanci. Kusan shekara arba'in bayan haka, a farkon 2024, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta danganta cutar mutum 26 a jihohi 11 da cukun wata masana'anta guda, kuma na farkonsu ya kamu tun 2014. Wato ƙwayar ta yi shekara goma tana fita daga wuri ɗaya, a ƙasar da ake gasa madara kuma firji bai yanke ba. Gasa madara a digiri 72 na daƙiƙa 15, ko a digiri 63 na minti 30, yana kashe Listeria sarai. Matsalar ita ce abin da ke faɗa wa cukun bayan an sauke shi daga wuta.

Staphylococcus aureus tata hanyar daban ce. Tana zuwa daga hantsar saniya mai ciwo, ko daga hannu da hancin mai aikin. Idan ta samu ɗumi ta yawaita, ta kai kamar 100,000 a kowane giram, sai ta zuba dafi a cikin abincin, kuma dafin ba ya mutuwa da tafasa. Abin da ya faru a Japan a shekarar 2000 shaida ne: fiye da mutum 13,000 suka kamu da amai da gudawa daga madarar da aka gasa yadda ya kamata, saboda dafin ya riga ya samu tun kafin gashin. Sai kuma Salmonella da E. coli O157:H7, waɗanda ke zuwa daga kashin dabbobi da gurɓataccen ruwa, da Brucella mai sa dabbobi ɓari ta sa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da ƙwayar tarin fukan shanu, wadda aka samu a jikin mutum 35 a birnin New York tsakanin 2001 da 2004, aka kuma alaƙanta da sabon cukun da ake shigowa da shi daga Meziko. Waɗannan biyun na ƙarshe na ɗanyar madara ne, maganinsu wuta, kuma babu wani sinadarin adanawa da ake dogara da shi a kansu.

Dalili biyu ne suka sa aka juya ga sinadaran da ake samu daga tsirrai da dabbobi da ƙananan halittu. Na ɗaya kasuwa: masu saye a Turai da Amurka sun fara gudun duk abincin da aka rubuta sunan sinadarin masana'anta a jikin kwalinsa. Na biyu ya fi ƙarfi, shi ne cewa sanannun sinadaran adana abinci irin su benzowet da sobet sai a wuri mai tsami suke aiki sosai. Benzowet ƙarfinsa yakan ƙare da zarar an haura 4.5 a ma'aunin pH, sobet kuma yana raguwa matuƙa kafin a kai 6.5, wato daidai inda sabon cuku yake zaune.

Wanda ya fi daɗewa a fagen, kuma aka fi sanin halinsa, shi ne nisin. Ɗan guntun furotin ne mai ɗauke da amino asid 34, wanda wasu nau'o'in Lactococcus lactis, bakteriyar da ke tsamama madara, suke fitarwa don kashe abokan gasarsu. An fara lura da aikinsa a 1928, masana a Ingila suka raɗa masa suna a 1947, aka fara sayar da shi a shekarun 1950. Kwamitin haɗin gwiwa na Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da shi a 1969, Amurka ta bi sahu a 1988, kuma a Turai lambarsa E234. Yadda yake kisa abin sha'awa ne: yana kama wani ƙwayar maiƙo da bakteriya ke gina bangonta da shi, ya hana ginin, sannan ya yi amfani da shi ya huda fatar ƙwayar har abin da ke cikinta ya tsiyaye. Ga mutum ba shi da wata illa da aka sani a adadin da ake sawa, domin hanji yana narkar da shi kamar kowane furotin. Ƙa'idar abinci ta duniya ta ƙayyade miligiram 12.5 a kowane kilo na cuku.

Sai dai nisin yana da gurabe uku da yake gazawa, kuma sabon cuku ya haɗa dukansu. Bakteriya kashi biyu ne bisa ginin jikinsu: akwai masu bango mai kauri a fili, kamar Listeria da Staphylococcus, akwai kuma masu ƙarin fata a waje da ta rufe bangon, kamar Salmonella da E. coli. Nisin ba ya iya ratsa wannan fata ta waje, don haka kashi na biyu ba su san yana yi ba. Bayan haka ya fi narkewa da daɗewa a wuri mai tsami. A pH 6 zuwa sama ƙarfinsa yana dusashewa. Na uku, yana manne wa maiƙo da furotin ɗin madara, ya zamana kaɗan ne ya rage a cikin ruwan cukun, inda ƙwayoyin suke. Abin da aka saba gani a gwaji shi ne adadin Listeria ya faɗi a kwanakin farko, sannan waɗanda suka tsira su farfaɗo su ci gaba da yaɗuwa, wasunsu ma sun koyi jure masa.

Wannan farfaɗowa tana buƙatar a tsaya a kanta, domin ita ce ke ruɗin mai karanta sakamakon bincike. Idan aka ce wani sinadari ya kashe kashi 99 cikin 100 na ƙwayoyin, abin yana da daɗin ji. Amma in da 10,000 ne a giram, saura 100 ke nan. A sanyin firji Listeria tana ninka kanta cikin kwana ɗaya zuwa biyu, don haka cikin kwana goma ko makamancin haka ɗarin nan ta koma dubu goma, alhali cukun da ake sayarwa a kanti yakan yi mako uku ko huɗu a kan kanta. Tambayar da ta dace a yi wa kowane sinadari ita ce nawa ne adadin ƙwayoyin a ranar ƙarshe ta wa'adin cukun, ba a rana ta biyu ba.

Akwai dangin nisin da yawa. Pediyosin, wanda Pediococcus acidilactici ke fitarwa, ya fi shi kaifi a kan Listeria kuma bai damu da rashin tsami kamar shi ba, amma ba a amince da shi a matsayin tataccen sinadari a ƙasashe da yawa ba. Nau'o'in Enterococcus ma suna fitar da masu ƙarfi, sai dai ana ɗari-ɗari da su saboda wasu daga cikin danginsu na ɗauke da ƙwayoyin gadon bijire wa magungunan asibiti. Saboda irin waɗannan matsaloli na doka, masana'antu da dama sun gwammace su zuba bakteriyar mai amfani da ranta a cikin madarar, ta zauna a cukun tana cinye abincin da mugayen za su ci, tana fitar da ɗan tsami da guba a kansu. Dabarar daidai take da ta mai nono da ke zuba ɗan tsohon kindirmo a sabuwar madara, bambancin kawai a nan ana zaɓen nau'in da ba zai tsamama cukun har ɗanɗanonsa ya canza ba. A nan ne wahalar take: wadda ba ta tsami da yawa ba ta cika kariya ba, wadda ke kariya sosai kuma takan mai da queso fresco wani abu daban da masu saye ba su san shi ba. A sanyin firji ma yawancinsu barci suke yi, Listeria na aiki. Amfaninsu ya fi fitowa lokacin da sanyi ya yanke, cukun ya ɗumama a mota ko a kasuwa, domin a lokacin su ma suna farkawa.

Madara da kanta tana zuwa da nata makaman. A cikinta akwai wani inzayim mai suna laktoferoksides, wanda idan ya samu sinadarin tayosayanet da ɗan haidurojin feroksaid yakan haɗa wani abu da ke dabaibaye bakteriya. A 1991 hukumar Codex, mai tsara ƙa'idar abinci ta duniya, ta fitar da ƙa'idar ƙarfafa wannan tsari a wuraren da babu firji: miligiram 14 na sodiyam tayosayanet da miligiram 30 na sodiyam fakabonet a kowace lita, a zuba cikin awa biyu zuwa uku da tatsa. A zafin digiri 30 wannan yana ba madara ƙarin awa 7 zuwa 8 kafin ta fara lalacewa. Ba cukun yake karewa kai tsaye ba, amma ga madarar da za ta yi tafiya daga ruga zuwa wurin sarrafawa cikin zafin rana, awannin nan su ne tsakanin Staphylococcus ta zuba dafinta da kada ta zuba. Sharaɗinsa shi ne ma'aikacin da aka horar ne zai auna a wurin tara madara, ba kowane mai tatsa da nasa cokali ba.

Laisozayim, wanda Alexander Fleming ya bayyana a 1922 kuma ake tatsa daga farin ƙwai, yana narkar da bangon bakteriya. Masu cukun Grana Padano a Italiya suna sa shi don hana wata ƙwaya kumbura musu cuku a ma'ajiya, amma a kan Listeria shi kaɗai rauni gare shi, kuma dole a sanar da masu rashin jituwa da ƙwai. Natamaisin kuwa, da aka samo a 1955 daga ƙasar yankin Natal a Afirka ta Kudu, yakan shigo cikin irin wannan lissafi bisa kuskure. Fumfuna da yis yake kashewa, ba ya taɓa bakteriya ko kaɗan. Cukun da aka fesa wa shi zai daɗe fari tas ba ɗigon fumfuna, wanda hakan kan iya zama haɗari, tun da an kawar da alamar da ke sa mutum ya zubar da abin da ya tsufa.

Ɓangaren tsirrai shi ya fi kowane yawan rubuce-rubuce, shi ne kuma ya fi yawan alkawarin da ba a cika ba. Gaskiya ne kayan ƙamshi da yawa suna ɗauke da sinadarai masu kashe bakteriya. Man kanumfari kashi 70 zuwa 90 cikin 100 nasa yujinol ne. Kirfa tana da sinamaldihaid. Tafarnuwa tana fitar da alisin da zarar an daka ta. Za'atar da dangoginsa suna da taimol da kabakurol. Habbatus sauda tana da taimokwinon. Yawancinsu suna narkewa a cikin fatar ƙwayar cutar su sa ta yoyo, kuma, saɓanin nisin, da dama suna taɓa har masu fatar waje. A jami'o'in Najeriya da Benin an gwada citta da tafarnuwa da ciyawar lemun tsami da wasu kayan yaji na gida a kan wara, ana neman ƙara mata kwana. A faifan gwaji sakamakon yakan yi kyau ƙwarai: a ɗiga man a tsakiya, washegari a ga fili fayau kewaye da shi inda ƙwayoyin suka kasa tsirowa.

Cuku kuwa ba faifan gwaji ba ne. Waɗannan mayuka maiƙo suke so, sabon cuku kuma cike yake da maiƙo, don haka sai su shige cikinsa su bar ruwan da bakteriyar ke ciki. Furotin ɗin madara ma yana riƙe wani kaso. Kafin a samu irin aikin da aka gani a ɗakin gwaji sai an ninka adadin sau da yawa, kuma tun kafin a kai nan cukun ya koma ɗanɗanon kanumfari zalla. Sabon cuku ɗanɗanonsa sanyi gare shi, ba shi da inda zai ɓoye ɗaci ko yaji. Ga kuma rashin daidaito: ƙarfin man ganye yana canzawa da irin ƙasar da aka shuka shi, da lokacin girbi, da yadda aka tatse shi, ta yadda abin da ya yi aiki bana ba lalle ya yi baɗi ba. Inda kayan ƙamshi suka zauna daram a cuku, kamar cukun ganye na yankin Wan a Turkiyya ko na Nablus a Falasɗinu, za a tarar akwai ruwan gishiri mai kauri a tare da su, kuma gishirin ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin adanawar.

Wagashi ya ba da misali mai kyau na tazarar da ke tsakanin abin da aka yarda da shi da abin da awo ya nuna. A kasuwannin Benin ana rina shi ja da karan dafi: a jiƙa kuben dawar a ruwa, galibi da ɗan kanwa don launin ya fito, a tsoma curin cukun har bayansa ya yi ja wur, cikinsa na nan fari. Masu sayarwa sun daɗe suna cewa rinin yana hana shi lalacewa, kuma zancen yana da ma'ana a ido, domin jan launin sinadari ne da dawa ke fitarwa don kare kanta daga fumfuna. Masu bincike na jami'ar Abomey-Calavi ta Benin da ta Wageningen ta Holan sun gwada wannan, suka wallafa sakamakon a 2018: rinin bai hana E. coli O157:H7 ko fumfunan da aka gwada girma a kan wagashi ba, kuma a ruwan gwaji bai tsayar da Listeria ba. Idan jan wagashi ya fi fari daɗewa, mai yiwuwa ruwan zafin da ake tsoma shi a ciki da tafasawar da ake maimaitawa ne suka yi aikin. Rinin yana da amfaninsa na jan hankalin mai saye, amma ba magani ba ne.

Wata hanya da ta bambanta da duk waɗannan ita ce amfani da bairos masu cin bakteriya, waɗanda Frederick Twort a 1915 da Félix d'Hérelle a 1917 suka gano. Kowane irinsu yana da bakteriyar da yake kamawa. Yakan manne mata, ya zuba ƙwayoyin gadonsa a ciki, ya hayayyafa har ta fashe. Masu sarrafa madara sun daɗe da sanin su a matsayin abokan gaba, domin su ne ke kashe musu bakteriyar tsamama madara su ɓata tukunya guda. A 2006 Amurka ta amince da wani mai suna P100, wanda Listeria kaɗai yake kamawa, a yi amfani da shi a kan cuku. Ba ya canza ɗanɗano ko ƙamshi, ba ya taɓa bakteriya mai amfani. Rauninsa shi ne ba ya tafiya da kansa, sai ya ci karo da ƙwayar. A kan jiƙaƙƙen bayan cuku, a sa'o'in farko, yana rage adadi sosai. Da zarar ya manne a wuri guda, ko ƙwayar tana can cikin curin, aikinsa ya ƙare, waɗanda suka tsira su ci gaba. Saboda haka wasu masana suka koma ga inzayim ɗin da bairos ɗin ke fasa bangon da shi. Masu bincike a jami'ar Illinois sun nuna a 2018 cewa haɗa wannan inzayim na P100 da nisin a cikin queso fresco ya fi kowannensu shi kaɗai aiki nesa ba kusa ba. Har yanzu dai abin bai zama kayan kasuwa na yau da kullum ba.

Asid na halitta, irin na nono da na binega da na lemun tsami, su ne mafi araha. Suna ratsa fatar bakteriya su tsamama cikinta, amma su ma sai wurin yana da ɗan tsami suke ratsawa da kyau. Paneer da ake daskarewa da ruwan lemo a madara mai zafi yana samun ɗan wannan amfani, ko da yake bai isa ya hana shi lalacewa cikin 'yan kwanaki ba. A Amurka an daɗe ana zuba madarar da bakteriyar Propionibacterium ta tsamama, aka busar, a cikin cukun cottage don hana shi saurin ɓaci. Ana kuma gwada lulluɓe cuku da siririn rufi da ake ci, wanda aka yi da kaitosan na ɓawon jatan lande ko furotin ɗin ruwan cuku, a cusa nisin ko man ganye a ciki ya riƙa fita sannu a hankali. Hikimar ita ce gurɓatar bayan dahuwa a bayan cukun take sauka, don haka gara a tara maganin a nan maimakon a watsa shi cikin curin duka.

Abin da ya fito daga duk waɗannan gwaje-gwaje shi ne babu ɗayansu da ke tsayawa shi kaɗai. Masanin abinci ɗan Jamus Lothar Leistner ya tsara wannan tunani tun ƙarshen shekarun 1970: a jera wa ƙwayar cuta shingaye da yawa, kowanne ba mai tsawo ba, amma ta gaji kafin ta tsallake su duka. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ƙa'idar Tarayyar Turai ta nuna haka da lambobi: Listeria ba ta girma idan pH ya sauka zuwa 4.4, ko idan ma'aunin ruwan da ƙwaya ke iya amfani da shi ya sauka zuwa 0.92, amma in an haɗa biyun, pH 5.0 da ma'aunin ruwa 0.94 sun wadatar. Haka abin yake da sinadaran halitta. Ɗan man ganye da bai kai ya ɓata ɗanɗano ba yana iya raunana fatar wajen E. coli har nisin ya samu shiga. Ɗan ƙarin tsami yana ƙara wa nisin ƙarfi. Sanyi yana rage saurin waɗanda suka tsira. Amma duk wannan gini yana zaune ne a kan gasa madara da tsabtar wurin aiki. Idan ƙwayoyin sun yi yawa tun farko, babu haɗin da zai riƙe su.

Wara da wagashi suna da wata fa'ida da queso fresco ba shi da ita: bayan an zuba ruwan tumfafiya ana ci gaba da dafa madarar har ta kusa tafasa, don haka curin yana fitowa daga tukunya kusan ba ƙwaya mai rai. Abin da ke biyo baya ne ke ɓata shi: kwandon da ba a wanke da ruwan zafi ba, hannun da ke juya curin, ruwan rafi ko na rijiya da ake zuba shi a ciki, ƙuda, da hannun masu saye da ke latsawa suna taya farashi, duk a zafin da ya haura digiri 30. Ba tare da wata dabara ba kwana biyu zuwa uku yake yi. Masu sana'ar suna ƙara masa kwana ta hanyar sake tafasa shi kullum a ruwan gishiri, ko soya shi, ko shanya shi, ko banda shi a hayaƙi, kuma waɗannan sun fi duk wani ruwan ganye da aka gwada tabbas. Iyakarsu ita ce dafin Staphylococcus: idan cukun ya wuni a ɗumi ya riga ya ɗauki dafin, tafasar yamma za ta kashe ƙwayar ta bar gubar. Ga irin wannan sana'a, tataccen nisin da bairos na kwalba sun yi tsada, wasunsu ma sai an ajiye su a firjin da babu. Abin da ya fi kusa da hannu shi ne ruwa mai tsabta da gishiri don ajiye curin, da mazubi mai murfi, da kuma, idan bincike ya kai, zaɓaɓɓiyar bakteriya mai kariya da aka ware daga nono da kindirmon yankin, wadda ta saba da zafinsa.

Dokokin ƙasashe ma ba su zo ɗaya ba. Amurka ba ta yarda a samu Listeria ko ɗaya a giram 25 na abincin da ake ci ba dahuwa ba. Tarayyar Turai tana barin har 100 a giram, muddin mai sarrafawa ya tabbatar adadin ba zai wuce haka ba har ƙarshen wa'adin kayan. Hanyar tabbatarwar ita ce a sa wa cukun ƙwayar da gangan a ɗakin gwaji, a ajiye shi a irin sanyi da zafin da zai gamu da su a hanya, a riƙa ƙirgawa har ranar ƙarshe, kuma sai an maimaita wannan ga kowane irin cuku, domin abin da ya yi aiki a paneer ba hujja ba ne a kan wara. Hukumomin lafiya, duk da ci gaban da aka samu, ba su janye shawararsu ga mata masu ciki da tsofaffi da masu raunin garkuwa ba: kada su ci cukun ɗanyar madara, kuma sabon cuku irin queso fresco, ko da na gasasshiyar madara ne, su dafa shi ko su soya har cikinsa ya kai digiri 74, ya yi turiri, kafin su ci.